Raƙuman dawa na Dabus: tafiyar ƙafar gajera ce, amma kada ka je da gaggawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Maraɗi. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara a watan Disamba, zan je Agadez wajen ƙanena tare da 'ya'yana biyu, ɗan shekara 14 da 'yar shekara 10. Na ji labarin raƙuman dawa waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse a Dabus, kuma an ce daga inda mota ke tsayawa tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Shin ganinsu ya kai a sha wahalar hanya? Me ya kamata in shirya, kuma ya dace in tafi da yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai mu lokacin lafiya. Ya kai a sha wahalar, har da ƙari, kuma yaran sun isa zuwa, matuƙar hanyar ta yi kyau a makon da za ku tafi. Wannan sharaɗin zan dawo kansa, domin shi ne gaba da komai. Amma bari in fara da gyara wani abu a cikin labarin da aka ba ka. Gaskiya ne tafiyar ƙafar ba ta da nisa. Ko tsoho mai sanda zai iya kewaya wurin. Sai dai wannan gajartar ita ce ke cutar yawancin masu zuwa. Mutum ya sauka daga mota, ya haura dutse, ya ɗauki hoto uku, ya koma, duka cikin minti ashirin, sannan ya ce ya ga Dabus. Na sha raka ɗalibai da baƙi irin waɗannan wurare a ƙasar Abzin, kuma abin da na tabbatar shi ne wanda bai ba wurin awa biyu ba, inuwar abin kawai ya gani.

Dabus na arewa da Agadez, kimanin kilomita 110, kusa da hanyar Arlit, wadda aka fi sani da hanyar yuraniyom. Za ku bar kwalta ku shiga daji 'yan kilomitoci kafin ku isa. Abin da za ka tarar ba tsauni ba ne. Tarin duwatsu ne masu yashi-yashi da suka ɗan tasa sama da fili, a gefen wani busasshen kwari. Daga ƙasa ba za ka ga raƙuman ba ko kaɗan, domin an sassaƙa su ne a bayan wani faffaɗan dutse mai ɗan gangara, suna kallon sama. Sai ka hau dutsen da ke kusa, ka juyo, sannan su bayyana a gabanka gaba ɗaya. Ka bar yaran su riga ka hawa. Kada ka nuna musu hoto a waya tun a mota, ka bari idonsu ya fara cin karo da abin da kansa.

Raƙuman biyu ne, babba da ake ɗauka namiji ne, da ƙarama a bayansa. Babban ya haura mita 5, wato daidai girman raƙumin dawa mai rai. Wannan shi ya sa ake lissafa su cikin mafiya girman sassaƙen dabbobi na zamanin da a duniya baki ɗaya. Amma girman ba shi ne ya fi kama ni ba. Ka tsaya ka dubi zanen fatar. Kowane tabo an kewaye shi da layi mai zurfi, an goge cikinsa ya yi santsi, kuma tabon wuya ya bambanta da na ciki, na ciki ya bambanta da na ƙafa, kamar yadda yake a jikin dabbar. Ka dubi ido da hanci da 'yan ƙahonin nan biyu, da yadda gwiwa ta lanƙwashe. Wanda ya yi wannan aiki ya daɗe yana kallon raƙumin dawa a kusa, ya san tafiyarsa da tsayuwarsa. Kuma ka tuna ba shi da ƙarfe ko ɗaya. Da dutsen da ya fi wannan tauri ya yi ta sara, yana kankara, yana gogewa. An tsinci guntayen itacen da ya daskare ya zama dutse a yashin kewayen, masana kuma na ganin da irinsu aka yi aikin. Duk wanda ya taɓa ganin mai sassaƙar turmi yana fama da itace da gizago, ya kwatanta da wannan, ya san aikin ba na kwana ɗaya ko biyu ba ne, kuma sai da wasu suka ciyar da mai yin sa har ya gama.

Akwai wani abu da masu gaggawa ke tsallakewa. Daga bakin kowane raƙumi wani layi ya sauko, ya bi ta gefen jiki, ya ƙare a wajen wani ɗan ƙaramin mutum da ke ƙasa. Ka sa yaran su bi layin da ido har su gano mutumin da kansu. Ana samun irin wannan layi a wasu sassaƙen raƙuman dawa a sassan Sahara, saboda haka ba kuskuren hannu ba ne. Wasu masana sun ce igiya ce, alamar farauta ko ƙoƙarin sabar da dabbar. Wasu sun ce alama ce ta wata dangantaka tsakanin mutanen da dabbar a cikin imaninsu, wataƙila ta roƙon ruwa. Ni dai na fi karkata ga na biyun, saboda ƙanƙantar mutumin. Mafarauci mai alfahari da abin da ya kama ba ya mai da kansa ɗan mitsitsi haka a gindin ganimarsa. Wanda ya zana wannan yana girmama dabbar ne.

Abzinawan yankin sun san wurin tun kaka da kakanni. Wanda ya fara rubuta labarinsa ga masana na waje shi ne Bafaranshe Christian Dupuy a 1987. Bayan shekara goma, a 1997, David Coulson na ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsun Afirka ya ɗauki hotunan da suka yaɗa sunan Dabus a duniya. A 1999 wata tawaga da ta haɗa da masanin zanen duwatsu Jean Clottes, tare da gidauniyar Bradshaw, ta ɗauki kwafin sassaƙen da wata irin roba mai laushi, aka zuba shi da alminiyom, aka kafa kwafi ɗaya a filin jirgin saman Agadez. A shekarar 2000 wurin ya shiga jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari na ƙungiyar World Monuments Fund. A wannan zamanin ne aka haƙa rijiya a kusa domin wasu iyalai su zauna su riƙa gadin dutsen. Na kawo wannan ne don ka san mutanen da za ka tarar a can ba 'yan roƙo ba ne, masu aiki ne, kuma su ne dalilin da ya sa abin ya kai yau.

Binciken da aka yi ya ƙirga sassaƙe sama da 800 a wannan tarin duwatsun kaɗai, mafi yawansu dabbobi. Nan ne tafiyar ƙafar take da daɗi. Bayan kun gama da manyan biyun, ku sauko ku kewaya a hankali. Za ku ga shanu masu dogayen ƙahoni, jiminu, gada da barewa, wasu ƙananan raƙuman dawa, raƙuman gida, da rubutun Tifinag, wanda Abzinawa ke amfani da shi har yau. Ka roƙi mai gadin ya karanta muku abin da yake iya karantawa. Kuma ga wani darasi da za ka iya yi wa yaran a tsaye, tunda aikinka ne: su kwatanta launin cikin layukan. Dutsen hamada yana yin wata baƙar fata a hankali, daga ƙura da sinadaran ƙarfe da ke manne masa cikin dubban shekaru. Idan aka sare shi, cikin saran fari ne ko ja-ja, sannan ya riƙa duhu da tsufa. Saboda haka layin da ya yi duhu daidai da jikin dutsen ya fi tsufa, wanda yake da haske kuwa sabo ne. Za su lura da kansu cewa raƙuman gida da rubutun sun fi haske. Haka tarihin yake: namun daji da shanu ne suka riga, doki ya shigo Sahara wajen shekara 3,000 da suka wuce, raƙumin gida kuma ya yaɗu wajen shekara 2,000. Da irin wannan kwatanci na launi da salo da nau'in dabba ake ƙiyasta shekarun manyan raƙuman, domin ba a iya auna sara a dutse kamar yadda ake auna ƙashi ko gawayi. Yawancin ƙiyasin ya faɗa tsakanin shekara 6,000 da 8,000.

'Yarka za ta tambaye ka me raƙumin dawa yake ci a wannan ƙeƙasasshen wuri. Ka shirya amsa, don ita ce zuciyar ziyarar. A lokacin da aka yi sassaƙen, inda kuke tsaye daji ne mai ciyawa da itatuwa da tafkuna. Karkatar duniya a kewayenta da rana tana sauyawa a hankali, zagaye ɗaya cikin shekara sama da 20,000. Akwai lokacin da wannan sauyi ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin Afirka, ƙasa ta ɗau zafi sosai, ta jawo iskar damina daga teku har can cikin Sahara, nesa da inda take tsayawa yanzu. Tafkin Chadi a lokacin ya haura murabba'in kilomita 300,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere, inda Paul Sereno da tawagarsa suka ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000 suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, an tono kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi. A cikin kaburburan akwai na wata mata da yara biyu da aka binne suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. A ɓangaren Najeriya kuma, kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya tarar a 1987 yana haƙa rijiya a ƙasar Yobe, shekarunsa wajen 8,000 ne, tsawonsa ya haura mita 8. Duk zamani ɗaya ne da ruwa ɗaya. Daga wajen shekara 5,000 da suka wuce damina ta fara ja da baya, mutane da shanunsu da namun daji suka yi ta gangarowa kudu. Ragowar jikokin waɗannan raƙuman su ne na Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka ragu har zuwa 49 a 1996 kafin a tashi tsaye a kare su, yanzu sun haura 600. A 2018 ma an ɗauki takwas an kai gandun Gadabeji, wanda ke cikin jiharku ta Maraɗi. Ka ga ke nan labarin bai yi nisa da gida ba.

Yanzu maganar lokaci. Sassaƙe ba fenti ba ne, inuwa ce ke fito da shi. Idan rana ta take tsaka, haske na faɗowa kai tsaye cikin layukan, sai komai ya baje, dutsen ya zama kamar ba a taɓa shi ba. Na taɓa isa irin wannan wuri da ɗalibai bayan mota ta ɓata mana lokaci, rana a tsakiyar ka, wani daga cikinsu ya ce da ni cikin ɓacin rai, ashe wannan muka sha ƙura dominsa. Muka zauna a inuwa har la'asar sakaliya. Da rana ta karkata, shi ne kuma ya ƙi saukowa daga kan dutse. Don haka ko sanyin safiya ko yamma liƙis. Tunda da yara kake, kuma ba na ba ka shawarar kwana a daji a halin da ake ciki, ku fita Agadez da an sallame sallar asuba. Kwaltar ta lalace a wurare da yawa, ka ƙiyasta wajen awa uku, ku isa da hantsi haske bai miƙe ba. Ku fara da manyan raƙuman tun da sauran inuwa, ƙananan su biyo baya. Ku juya kafin azahar ta yi nisa, magariba ta same ku a cikin gari. Tafiyar dare a wannan hanya babu ita.

Watan da ka zaɓa mai kyau ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa. Afrilu zuwa Yuni zafi na wuce digiri 40, dutsen ma ba ya taɓuwa, damina kuma kwaruruka na iya cika da ruwa farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a kanku ba. Amma Disamba na da nata: sanyin asuba a Abzin ya fi na Maraɗi nesa ba kusa ba, ka tanadar wa yaran rigunan sanyi da za su iya tuɓewa in rana ta ɗaga. Idan kuka wayi gari hazo ya rufe sama, ku ɗage zuwa gobe, domin hazo na kashe inuwa kamar yadda tsakar rana ke yi, ga kuma wahalar gani a hanya.

Maganar tsaro, Malam, ba zan sassauta maka ita ba. Arewacin Agadez na fama da 'yan fashin hanya, musamman tun da aka fara haƙar zinariya a 2014, kuma a 2025 an sace baƙi Turawa a cikin garin Agadez kansa. Tawayen 2007 zuwa 2009 ma ya bar nakiyoyi a wasu sassan Abzin, shi ya sa ba a barin sawun da motoci suka saba bi. Kai ɗan ƙasa ne, ƙa'idar da ake gindaya wa baƙi ta rakiyar sojoji daban take, amma 'yan fashi ba sa duba katin ɗan ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. Ka sa ƙanenka ya nemo direba Ba'abzine da ya san hanyar, mai mota kat-kat da taya biyu na ko-ta-kwana, ku je ofishin yawon buɗe ido na jiha da wajen jandarma ku tambayi halin hanyar a wannan makon, ba na watan jiya ba. In an ce a dakata, ka dakata, ka kai yaran su ga kwafin da ke filin jirgi da hasumiyar babban masallaci mai mita 27, dutsen kuwa yana nan yana jiran wata shekara. In an ce lafiya, mota biyu ta fi ɗaya, kuma ku bar wa wani a gari lokacin da ya kamata ku dawo, don kada ku dogara da layin waya a can.

Ruwa kuwa, kada ka auna shi da gajartar tafiyar ƙafa, ka auna shi da yiwuwar mota ta mutu ku wuni. Lita biyar ga kowane mutum, da jarka ɗaya cike a ajiye a mota ba a taɓa ta. Iskar hunturu busasshiya ce, gumi na bushewa kafin a gan shi, sai yaro ya ƙi shan ruwa don ba ya jin ƙishi. Ka riƙa ba su ko ba su nema ba. In ɗaya ya fara ciwon kai ko jiri ko ya yi shiru fiye da yadda ka san shi, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Takalmi rufaffe ga kowa, saboda ƙaya da ƙarangiya da zafin dutse. Rawani ko mayafi don ƙura. Ka gargaɗe su tun a mota kada su cusa hannu a tsagar dutse ko su ɗaga dutse don ganin abin da ke ƙasa, nan kunama take, akwai kuma maciji mai ƙaho da ke binne jikinsa a yashi.

Sauran magana ita ce wadda ta fi damuna, kuma ina roƙonka ka riƙe ta. Babban abokin gaban waɗannan raƙuman ƙafar mai ziyara ce. Dutsen mai laushi ne, yashin da ke manne a tafin takalmi kuma yana cin sa kamar magogi. Na taɓa ganin wani baƙo ya taka wuyan wani sassaƙe da takalminsa don hoto ya yi kyau, har yau abin na yi mini ciwo. Kada kowa ya hau faffaɗan dutsen da raƙuman suke kai, daga na kusa ake kallo, daga can kuma hoton ya fi fita. Kada a shafa da hannu. Kada a zuba ruwa don layukan su fito, domin ruwan na shiga cikin dutsen ya narkar da gishirinsa, in ya bushe fatar ta riƙa ɓarewa. Kada a bi layi da alli ko gawayi. Sunan kowa kuma ya tsaya a littafinsa. Za ku ga inda wasu suka karce nasu, ka nuna wa yaran su ga munin abin.

Haka ƙasan da kuke takawa. Za ku iya ganin tsingaro mai zane-zane, ko tsinin kibiya na dutse, ko ɗan dutsen niƙa, ko abin da muke kira gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin mutanen da ne da suka wasa da hannunsu. Yaro zai so ya sa a aljihu, wannan ɗabi'a ce. Ka bari ya durƙusa ya duba, ya ɗauki hoto, ya bar shi inda yake. Darajar abin a wajen mai bincike tana cikin wurin da ya kwanta da abin da ke kusa da shi. Da an ɗaga shi an kai gida ya zama dutse kawai, shafi ɗaya na tarihi kuma ya yage. Dokar Nijar ta 1997 kan kayan tarihi ta hana kwasarsu, kuma kada ka saya in an tallata maka a kasuwa, don sayen ne ke tura mutane daji su share wurare. In kun ga wani abu da ya fita daban, ku nuna wa mai gadi.

Masu gadin nan ku fara da su kafin dutse. Ku yi sallama, ku gaisa a natse, in sun ɗora shayi ku zauna ku sha, galibinsu suna jin Hausa. Ku tafi musu da ganyen shayi da sukari, ku ba da abin da aka saba bayarwa na shiga ba tare da ciniki ba. Ku bi bayan wanda zai zagaya da ku, shi ya san inda ƙananan sassaƙen suke ɓoye da inda ƙafa za ta taka lafiya. Ku kwashe ledarku da gorunan ruwa ku dawo da su gari.

Ka ba kowane yaro littafi da fensir su zauna su zana raƙumin da hannunsu, ko da rabin awa ne. Wanda ya gwada jera tabon nan a takarda shi ke gane wahalar wanda ya jera su a dutse. In Allah ya dawo da ku lafiya, ka rubuto mini halin da ka tarar da wurin, musamman gefen wuyan babban da ɗan mutumin da ke ƙarshen layi, da kuma ko rijiyar masu gadin tana da ruwa.